Hunturu ya tona mini asiri

A wata masana'antar buga zane a jikin leda a Kano aka ba ni aikin rage tururin da ke fitowa daga ɗakin injuna. Ana tsinka tawadarsu ne da sinadarai masu saurin tashi, irin su toluwin da itanol, dangin tinar da masu fenti ke aiki da ita. Ma'aikata na kukan ciwon kai da jiri, maƙwabta kuma sun fara ƙorafi.

Na zaɓi matatar ƙwayoyin halitta saboda arha. Tsohuwar dabara ce: tun 1957 Richard Pomeroy ya yi mata rajista a Amurka don kashe warin magudanar ƙazanta, daga baya Jamus da Holan suka inganta ta don masana'antu. Babban akwati ake cikawa da ruɓaɓɓen taki da guntayen itace, fanka ta turo gurɓatacciyar iska ta ƙasa. A cikin daƙiƙa 30 zuwa 60 da iskar ke yi tana ratsawa, sinadarin yana narkewa a danshin da ke jikin takin, bakteriya su cinye shi, su mai da shi ruwa da iskar kabon.

A zanen aikin akwai wani ɗan ɗaki da ke fesa wa iskar ruwa kafin ta shiga akwatin. Ni na soke shi da birona, don kuɗin ya ragu manaja ya yaba mini. Da damina muka fara, wari ya ɗauke, ni kuwa kaina ya kumbura.

Da hunturu ya kankama sai na ga ma'aunin matsin iska yana sauka. Har murna na yi, wai hanya ta buɗe, fanka ta huta. Ashe takin ne ya bushe ya tsattsage, tururin yana bi ta tsagar ya fice yadda ya shigo. Busasshiyar iska tana zuƙe danshin, zafin da bakteriyar ke fitarwa wajen cin abinci yana ƙara ƙafar da shi.

Dattijon da ke ba furannin harabar ruwa ne ya cusa hannu, ya damƙo takin, ya buɗe tafinsa, gari ya zube. Ya ce, “Injiniya, wannan ai kiwo kake yi, kuma ka bar dabbobinka da ƙishi.”

Maimakon in tsaya in yi tunani, sai na sa aka kwarara ruwa da tiyo. Takin ya jiƙe sharkaf, iska ta kasa ratsawa, wurin ya ɗauki warin ruɓaɓɓen ƙwai. Danshin da ake so tsakanin kashi 40 ne zuwa 60 cikin ɗari: in ka matse ya dunƙule, amma kada ya ɗiga. Na san wannan a takarda, hannuna ne bai taɓa saninsa ba.

Dole aka kwashe takin aka zuba sabo, aka gina ɗakin feshin da na soke, aka jira makonni kafin bakteriyar su saba da toluwin. Duk tsawon lokacin maƙwabta na shaƙar abin da na yi alkawarin kawarwa, kuma wannan ya fi kuɗin da aka yi asara ci mini rai. Da na je gaban manaja na ce, “Ranka ya daɗe, laifina ne,” bai yi faɗa ba. Ya dai sa aka ƙara wa dattijon albashi, aka ɗora masa duba danshin akwatin kowace safiya, ni kuma in riƙa sa hannu a ƙarƙashin rahotonsa.