Mubi: Garin Da Gidajensa Ke Jiran Marubuci

Matafiyin da ya tashi daga Yola ya nufi Mubi yana da tafiyar kimanin kilomita 200 a gabansa. Zai ratsa Song da Gombi da Hong, sa'an nan duwatsun Mandara su ɓullo masa daga gabas, watau wajen iyakar Kamaru. A gindinsu garin yake, a bakin kogin Yedzaram.

Mubi ba baƙon gari ba ne ga jaridu. An rubuta labarinsa a shekarar 1961, lokacin da Arewacin Kamaru ya zaɓi shiga Nijeriya, garin ya zama babban birnin Lardin Sardauna. An kuma rubuta shi a watan Oktoba na 2014, sa'ad da 'yan Boko Haram suka kama shi, jama'a suka watse, har aka ƙwato shi a watan Nuwamba. Amma abin da ya biyo baya, watau yadda magidanta suka komo suka ɗora ƙofofin da aka ɓalle, suka sake rufin ɗakuna, ba kasafai alƙalami ya bi ta kansa ba.

A ƙasashen Turawa rubutu a kan gida da zaman gida sana'a ce mai zaman kanta. Mujallar Good Housekeeping ta Amurka tun 1885 take wannan aiki, akwai kuwa waɗanda suka tsufa a kansa. Mu a nan mun ɗauke shi abin 'yan gayu, alhali kuwa ba inda talaka ke zuba guminsa kamar gini.

Duk wanda ya zaga unguwanni irin su Lokuwa da Sabon Layi da Yelwa zai ga ginin ƙasa da na bulo kafaɗa da kafaɗa, kowanne da nasa ciwo. Ruwan damina yana cin gindin katangar ƙasa in babu yaɓe da indararo. Gara tana cinye katako, amma azarar giginya takan gagare ta. Rufin kwano marar silin yakan mai da ɗaki tanda a bazara. Bulon da aka cika wa yashi don buhun siminti ya yi auki, da hannu ma sai ya marmashe. Mai karatu, ashe waɗannan ba labarai ba ne?

Malamai kuma ba su yi nisa ba. A arewa da Mubi, cikin ƙasar Madagali, mutanen Sukur suna jera dutse kan dutse su tayar da katanga, su shimfiɗa hanya a jikin tsauni. Wannan fasaha na cikin abin da ya sa hukumar UNESCO ta sanya wurin a jerin kayan tarihin duniya a 1999.

Saboda haka muna kira ga ɗaliban Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da na Jami'ar Jihar Adamawa, waɗanda duka biyu a Mubi suke, masu sha'awar aikin jarida. Ku zauna da magini da kafinta da uwargida, ku tambayi farashi, ku gwada abu kafin ku yabe shi, kada kuma kyautar ɗan kasuwa ta lanƙwasa muku alƙalami. Marubucin da ya hana katanga ɗaya faɗa wa yara cikin dare, ai ya ci albashinsa da halal.