Abin da Muka Ji a Ƙasar Bakalori

Ran Talata muka sauka Talata Mafara, kasuwa tana ci. Mai son jin ra'ayin talakawa sai ya zauna a teburin mai shayi, ya ja bakinsa. Haka muka yi.

Ba a jima ba hira ta faɗa kan madatsar ruwa ta Bakalori, wadda aka gama a 1978 bisa Gulbin Sakkwato. Samari suna yabonta saboda shinkafar rani. Tsofaffi kuwa ba su manta da Afrilun 1980 ba, sa'ad da manoma suka tare hanya suna neman diyyar gonakinsu, 'yan sanda suka buɗe musu wuta. Wani dattijo ya soma ba mu labarin, sai ya yi shiru, ya miƙo mana goro.

Da muka zarce Bakura da Maradun, an yi ta tuna mana cewa garuruwan nan uku kowanne ya ba Zamfara gwamna: Yarima daga Bakura, Yari daga Mafara, Matawalle daga Maradun. Amma a tashar Maradun muka tambayi wata mai fura, "Inna, me kuka fi bukata?" Ba ta ko ambaci gwamna ba. Ta ce ita dai ɗanta ya je gona ya komo lafiya, 'yan bindiga ba su tare shi ba.