Taswirar da Muka Zana da Yashi

Mu ne 'yan aji biyu da kuka gani ranar Laraba a bayan ajinmu muna zuba yashi a ƙasa da robobin ruwa. Wasu sun ce wasan yara muke yi, wani monita ma har ya so ya rubuta sunayenmu. To ga bayanin abin da muke yi, don kada a ci gaba da yi mana dariya.

Abin ya faro ne a darasin zamantakewa. Malam yana koya mana taswira, sai ya ciro wayarsa ya nuna mana taswirar da ke ciki. Akwai wani shuɗin ɗigo a tsakiya, ya ce wannan ɗigon mu ne. Muka ce ta yaya waya ta san inda muke? Ya ce akwai taurarin ɗan'adam na GPS da suke zagaya duniya a nisan kusan kilomita 20,000 daga ƙasa, kowanne yana aiko da saƙon inda yake da kuma lokaci. Idan waya ta kama saƙon aƙalla guda huɗu, sai ta yi lissafi ta gano inda take. Muka yi ta mamaki, muka ce ashe waya ba ta ƙarya.

Malam ya yi murmushi, ya ba mu labarin wani mai fasaha a birnin Berlin na ƙasar Jamus, sunansa Simon Weckert. A shekarar 2020 ya fitar da bidiyon wani abu da ya yi. Ya tara wayoyi guda 99, ya kunna Google Maps a kowacce, ya zuba su a wata 'yar amalanke ja, ya riƙa jan ta a hankali a kan titi. Titin babu motoci sosai, amma a taswira sai ya koma ja, wato alamar cunkoso. Dalili kuwa shi ne taswirar ba ta ganin mota da ido. Wayoyin mutane take ƙirgawa, idan ta ga suna da yawa a wuri ɗaya kuma suna tafiyar hawainiya, sai ta ce hanya ta cushe.

Duk ajin muka fashe da dariya. Amma ɗaya daga cikinmu ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, to mu fa? Kullum da safe muna cika titin makaranta har adaidaita sahu ba ta iya wucewa, kuma ba mu da waya." Malam ya ce a wajen irin wannan taswirar, babu kowa a titin ke nan. Nan dariyar ta tsaya. Mutum ɗaya da wayoyi 99 ya zama taron jama'a, mu kuma da muka fi sittin a ajinmu kaɗai ba a ƙirga ko ɗayanmu ba. Wannan magana ta tsaya mana a rai har aka tashi.

Washegari muka bi Malam ofishin malamai lokacin tara, muka roƙe shi ya ƙara mana. Ya ba mu labarin wata mata 'yar ƙasar Holan mai suna Esther Polak. A shekarar 2002 ita da abokan aikinta sun raba wa mazauna birnin Amsterdam na'urorin GPS suka riƙa yawo da su. Aka sa wani baƙin allo wanda babu titi ko ɗaya a kansa. Duk inda mutum ya bi, sai farin layi ya fito. A hankali siffar birnin ta bayyana daga zirga-zirgar mutanensa, hanyar da aka fi bi kuma ta fi haske.

Abin da ya fi burge mu shi ne wannan matar ta zo Najeriya. A wani aiki mai suna NomadicMILK, ta bi sawun Fulani makiyaya da kuma motocin da ke rarraba madarar gwangwani ta Peak. Ta yi amfani da wata 'yar na'ura mai ƙafafun taya wadda take ɗauke da yashi, tana tafiya tana zubar da shi a ƙasa daidai da yadda mutum ya yi tafiyarsa. Sai masu tafiyar su tsaya a kan zanen su yi bayanin inda suka bi da abin da ya sa.

Muka ce mu ma sai mun gwada. Da farko mun so mu yi zane da GPS. Malam ya ce akwai wani mutumin Japan, Yasushi Takahashi, da ya yi tafiyar fiye da kilomita 7,000 a shekarar 2008 don sawunsa ya rubuta saƙon neman aure a kan taswirar ƙasarsu. Mu dai kifi muka zaɓa. Malam ya kunna abin da ke ɗaukar sawu a wayarsa, ya ba ɗan ajinmu da ya fi kowa natsuwa, tare da gargaɗin cewa idan ta faɗi ya san sauran. Muka zagaya filin ƙwallo a layi, muka yi kai, muka yi ciki, muka yi wutsiya. Da muka duba wayar, abin da ya fito ya fi kama da dankalin Hausa. Malam ya ce GPS na waya yakan yi kuskuren 'yan mitoci, filinmu kuma ƙarami ne, shi ya sa wutsiyar ta shige cikin cikin.

Tunda kifi ya ƙi, kuma waya ɗaya ce tak, sai muka koma dabarar yashi. Ba mu da na'ura, don haka muka huda murafan robobin ruwa da ƙusa, muka cika su da yashin da muka tankaɗe. Muka share fili a bayan aji, muka ajiye bulo a tsakiya, muka ce shi ne makaranta. Mu goma sha biyu ne. Kowa ya zana hanyar da yake bi daga ƙofar gidansu zuwa bulon, ba hanyar da ta fi kusa ba, ainihin wadda ƙafarsa take takawa.

A nan muka ga abubuwan da ba mu sani ba game da junanmu, duk da kullum muna zaune a benci ɗaya. Layukan 'yan mata uku sun yi kwana a wuri ɗaya sun kauce wa wani lungu, alhali layukan maza sun ratsa ta cikinsa kai tsaye. Da aka tambaye su suka ce akwai samarin da ke zama a wurin suna faɗa musu maganganu. Mazan cikinmu sun ce wallahi ba su taɓa lura ba. Kusan dukkanmu kuma mun zana hanya biyu, ta rani da ta damina, domin idan aka yi ruwa kwalbatin da ke kusa da kasuwa yana cika, dole a zagaya.

Layin da ya fi kowanne tsawo na wata 'yar ajinmu ne, kuma mun nemi izininta kafin mu rubuta wannan. Gidansu ba shi da nisa da makaranta. Amma layinta ya fara zuwa famfon unguwa ya dawo, ya sake zuwa ya dawo, ya wuce wajen mai markaɗe, ya biya ta firamare inda take raka ƙannenta biyu, sannan ya juyo makaranta. Yashin robarta ya ƙare kafin ta iso bulon, sai da muka ƙara mata. Ita ce wadda ake yawan tarewa a bakin ƙofa saboda latti, mu kanmu mun sha tsokanarta da cewa barci ne ya yi mata yawa. Muka tsaya muna kallon layin, aka rasa mai magana. Malam ma ya daɗe yana kallo, daga baya ya ɗauki hotonsa.

Ba muna cewa a daina hukunta masu latti ba, mun san doka doka ce. Roƙonmu ga malamanmu da shugabannin ɗalibai shi ne, kafin a ɗaga bulala a tambayi ɗalibi ta ina ya biyo. Malam ya yi alkawarin kai hoton da maganar lungun nan wajen shugaban makaranta da taron iyaye da malamai. Mu kuma mun riga mun tsara, daga wannan makon 'yan unguwar za su riƙa jiran juna a bakin masallaci su taho tare.

Iska ta share zanen tun ranar Alhamis, awaki suka ƙarasa sauran. Mun kwafe shi a takarda da biro mai launi, yana nan manne a ƙasan wannan rubutu. Ranar Laraba mai zuwa lokacin tara za mu sake yin wani babba, kuma muna gayyatar 'yan aji ɗaya da aji uku. Duk mai zuwa ya taho da robar ruwa da ƙusa, yashi kam muna da shi.

Daga 'yan aji biyu, Ƙungiyar 'Yan Jarida ta Makaranta.