Coventry, garin da mata suka ƙulla zumunci da allura da zare

'Yar uwa, in Allah ya kai ki Ingila wata rana, ki daure ki leƙa Coventry. Daga Landan kusan awa guda ne a jirgin ƙasa. Ni wani ɗan kwas na aikin jinya ne ya kai ni, ranar da muka samu hutu na fita zaga gari.

A tsakiyar garin za ki tarar da wata tsohuwar majami'a, bango da hasumiya a tsaye, amma babu rufi. Jiragen Jamus ne suka ƙone ta a daren 14 ga Nuwamba 1940, daren da ɗaruruwan mutanen garin suka rasu. Da gangan aka bar ta haka, aka gina sabuwa a gefenta.

A nan na ji labarin da ya sa nake rubuto miki. Yaƙin bai ƙare ba sai labari ya iso cewa Stalingrad, can ƙasar Rasha, ta zama kufai. Matan Coventry, waɗanda su ma ba su gama share hawaye ba, suka haɗa gudunmawa. Mata 830 kowacce ta ba da sisi, aka ɗinka sunayensu a kan mayafin teburi, aka aika da shi tare da kuɗin. A 1944 hukumomin garuruwan biyu suka ƙulla 'yan uwantaka a hukumance, tana cikin na farko-farko a duniya. A 1959 kuma Coventry ta ƙulla irinta da Dresden, garin Jamus da jiragen Ingila da Amurka suka ragargaza.

Na daɗe a tsaye ina tuna dararen da na kwana a asibiti babu isasshen bandeji, wata mai jinya ta kwance bakin zaninta ta saya wa maƙwabciyar gadonta. Wanda ya ɗanɗana shi ya san zafin.

Sai dai a 2022, bayan Rasha ta afka wa Yukren, majalisar Coventry ta dakatar da hulɗa da garin, wanda yanzu ake kira Volgograd. Mayafin kuwa yana can a gidan tarihinsu, da sunayen matan.

Ke fa, ƙaramar hukumarku tana da ƙawa a wata ƙasa? Ki tambayi kansilanku, ki kuma tambaye shi me asibitin unguwarku ya samu a ciki.