Daga Gindin Dutsen Zuma: Ina Kwatar Talaka?

Matafiyin da ya taso daga Kaduna ya doshi Abuja, da zarar ya wuce mararrabar Suleja ya tunkari Madalla, ba abin da zai cika masa ido sai Dutsen Zuma, wanda aka sa hotonsa a jikin takardar naira ɗari a 1999. Dutsen kan ɗauke hankalin baƙo har ya mance cewa ƙasar nan ƙasar ruwa ce. Kogin Iku yana bi ta Suleja, watau tsohuwar Abuja wadda Abu Ja ya kafa a 1828, ga kuma mafaɗar ruwa ta Mayanka a gefen gari. In aka kama hanyar Minna kuwa, sai a ratse a iske Kogin Gurara yana faɗowa daga kan duwatsu da rugugi.

To, amma ganin ruwa daban, samun hanyar sauka bakinsa daban. Bisa al'adar garuruwan bakin kogi, kowane gari yana da kwatarsa. Nan ake ɗaure kwale-kwale, nan masunci ke shanya komarsa, nan yaro ke koyon jefa fatsa, kuma Sarkin Ruwa ne ke faɗin lokacin su da wurin da ba a shiga. Ba a tambayar mutum takarda, ladabi kawai ake nema gare shi.

Tun da aka tsai da shawarar gina sabon babban birni a 1976, filayen wannan yanki suka yi daraja, gine-gine suka bi gaɓar rafuka. Sababbin tafkunan da aka samu kuma kowanne da ƙa'idarsa. Madatsar Usuma da ke wajen Bwari ruwan shan birnin tarayya ce, saboda haka tsaronta ba laifi ba ne. Tafkin Jabi yana da jiragen shaƙatawa, sai dai hawansu na mai kuɗi a aljihu ne. A Gurara ma an fi tanadar wa mai kallo da ɗaukar hoto. Da damina ruwan ya fi ƙarfin kowane jirgi, da rani kuwa yakan kwanta a gindin duwatsun har matasa su yi iyo, ko da yake santsin dutse ba ya sanin gwani.

A ganina abin da ya rage ba mai tsada ba ne. Gwamnatin Jihar Neja da masarautar Suleja suna iya keɓe 'yan wurare a gaɓar Gurara, can ƙasa da mafaɗar inda ruwa ya natsu, a shata su da sunan jama'a tun kafin a sayar. A yi gangara ta siminti, a kafa turakun ɗaure jirgi, a ajiye rigunan ruwa, a kuma danƙa kulawar wurin ga masuntan da suka san zurfinsa.