Sawun Ruwa A Duniyar Mirrihi

Mahaifina mai haƙar rijiya ne, bai kuwa taɓa karanta ko baƙi ɗaya na boko ba. Amma in ya tsaya cikin busasshen rafi da rani, ya ɗebi tsakuwa ya murza, sai ya gaya maka inda ruwa ya fito da inda ya nufa. Yakan ce dutse ba ya mulmulewa da kansa, sai ruwa ya gangaro da shi tafiya mai nisa. Ni kuwa da na sami ɗan karatu sai na riƙa yi wa wannan sani nasa kallon raini. Abin da ya raba ni da wannan wauta shi ne labarin wata duniya, wadda ake kira Mirrihi, Turawa kuwa su ce Mars.

Ita ce ta huɗu daga rana, tamu tana ta uku. Ja ce, ga sanyi, ga fari. Iskar da ke lulluɓe da ita ba ta kai kashi ɗaya cikin ɗari na tamu ba, saboda haka ruwa ba ya iya kwanciya a bisanta, sai dai ya daskare ko ya bi iska.

A 1971 mutanen Amurka suka aika wani kumbo, Mariner 9, ya kewaya ta. Ya tarar ƙura ta rufe ta ruf. Da ƙura ta lafa sai hotuna suka nuna kwaruruka masu lanƙwasa da rassa, kamar hanyoyin kogi. A 2012 wata mota mai tuƙa kanta, Curiosity, ta sauka cikin wani makeken rami da ake kira Gale. Me ta tarar? Tsakuwa mulmulalliya, sumul. Masana suka auna girmanta, suka ce lalle rafi ya taɓa gudana a nan, zurfinsa daga idon sawu zuwa ƙugu. Ran da na ga hoton nan na yi shiru, domin hujjarsu ita ce hujjar mahaifina, ba ragi ba ƙari. A 2021 kuma wata motar, Perseverance, ta sauka ramin Jezero, inda wani kogi ya jibge laka da yashi a bakin tafki, yau fiye da shekara miliyan 3,000.

To, ina ruwan ya tafi? Wani ya salwanta sama yayin da iskarta ta yi ta raguwa, wani kuwa ya zama ƙanƙara. A 2008 kumbon Phoenix ya tona ƙasa can arewa, ya ga waɗansu fararen gutsattsari. Bayan kwana huɗu suka ɓace, aka tabbata ƙanƙara ce. Ƙasar wurin duk ta daddare gida-gida, domin ƙanƙarar da ke ƙarƙashi takan tsuke in sanyi ya tsananta. Akwai kuma ramin Korolev, faɗinsa kilomita 82, cike da ƙanƙara mai kaurin kusan kilomita biyu.

Yanzu iska ce ke da sauran aiki. Tana feƙe duwatsu da yashi, tana tara tuddan rairayi masu siffar jinjirin wata, irin na Hamadar Sahara. A 2018 ƙura ta sake game duniyar, ta tare hasken rana, har motar Opportunity, wadda ta shekara 14 tana aiki da hasken, ta daina magana.

Kun ga ke nan, ruwa ya haƙa, ƙanƙara ta tsaga, iska tana shara, kowanne kuwa ya bar sawunsa. Ba mutumin da ya taɓa taka Mirrihi, amma an karanta tarihinta daga ƙasarta.

Mahaifina ya rasu ban nemi gafararsa kan rainin nan ba, abin yana damuna har yau. Ku da kuka fita daga ajin yaƙi da jahilci, ku riƙe karatunku da kyau, amma kada ku raina dattijon da ya iya karanta ƙasa. Ku zauna kusa da shi, ku tambaye shi, ku rubuta abin da ya faɗa tun yana da rai.