Akwatin Bincike a Tsohuwar Nokia

Wayar da na fara shiga intanet da ita Nokia ce mai maɓallai, a shekarar 2007, kuma ta Opera Mini muke shiga. Kwamfutocin kamfanin Opera ne ke matse shafi kafin ya iso wayarka, shi ya sa katin naira ɗari yake daɗewa a hannun ɗalibi. A saman fuskar akwai ɗan akwatin da ake rubuta abin nema, harafi bayan harafi, har babban yatsa ya yi tsami.

A lokacin Yahoo ne a cikin akwatin. Farkon 2008 muka wayi gari ya koma Google. Mu dai mun ga tambari ya sauya, muka ci gaba da neman sakamakon ƙwallo da labaran BBC Hausa. Ashe yarjejeniya ce kamfanonin suka ƙulla a tsakaninsu, mu kuma masu danne-dannen ba a yi shawara da mu ba.

Sai da wayoyin shafa suka zo, wani matashi mai gyaran waya a kasuwar Farm Centre ta Kano ya nuna mini cewa ana iya sauya injin binciken. Ya ce, "Malam, kawo ka gani." Ya buɗe Chrome, ya taɓa ɗigo ukun nan na kusurwa, ya shiga saiti, ya danna wajen injin bincike. Sai ga su a jere: Google, Bing, Yahoo, DuckDuckGo. Kafin in gyara zama ya gama. Abin ya tsaya mini a rai ƙwarai, don mutane da yawa a unguwarmu, har da masu ilimi, sun ɗauka Google shi ne intanet ɗin kansa.

Da wata kotun Amurka ta yanke hukunci a Agustan 2024 cewa Google ya yi babakere a harkar bincike, na ƙara fahimtar darajar wannan ɗan akwati. A shari'ar aka bayyana cewa a 2021 kaɗai kamfanin ya biya sama da dala biliyan 26 don ya zama shi ake tararwa a wayoyi da manhajoji, saboda ya san yawancin mutane ba sa taɓa saitin da suka tarar.

Ni tun ranar da matashin nan ya nuna mini na mayar da wayata kan DuckDuckGo, don ba ya ajiye tarihin abin da na nema. In kuwa abin da nake nema da Hausa ne, musamman tsofaffin rubuce-rubuce, nakan koma Google in sake tambaya.